Damin da Inna ta mayar

Bana ruwa ya yaudari mutane. Ya sauko da ƙarfi a farkon damina har kwatocin Samaru suka tumbatsa, manoma suka ruga suka zuba iri, sannan sama ta ɗauke kamar an kulle famfo. Daga rumfar da nake sayar da abinci ina hango 'yar masarar da wani ya shuka a bayan katanga, ganyenta duk ya nannaɗe. Ɗalibai suna zuwa cin shinkafa da wake suna fifita da littafi, suna ta cewa, "Mama, zafin nan ya yi over." Ni dai sai in zuba musu yaji in ci gaba da aikina. Zafin da ake sha da cikakken ciki da ruwan leda mai sanyi a hannu, ban san sunan da zan ba shi ba. Duk shekarar da ruwa ya yi irin wannan tsayuwar sai in wuni ina faɗa da tukwane ba gaira ba dalili, saboda wata damina da take dawo mini.

Gara in faɗi halina tun da wuri. Sunana Asabe, 'yar Bomo ce ni, can aka binne cibiyata, can kakannina suke kwance. Ban taɓa yin wata guda a wajen ƙasar Zazzau ba. Da na je biki Kano ciwon kai ya kama ni, tuwonsu ma bai zauna mini ba, sai da motar ta dawo na hango jar ƙasarmu sannan na ji na warke. Ina da kyauta, wannan ko maƙiyina zai shaida, ɗalibin da guzurinsa ya yanke bai taɓa tashi daga bencina da yunwa ba. Ba na ƙarya, ba na cin amana. Amma ina da riƙo, kuma ba na ɓoyewa. Wanda ya yi mini alheri ina riƙe da shi har jikokinsa, wanda ya cuce ni ma haka. Malamai sun yi mini wa'azi har sun gaji. Yayana Isuhu yakan ce zuciyata tukunyar ƙasa ce, tana daɗewa ba ta ɗauki zafi ba, in ta ɗauka kuwa ko an sauke ta tana ci gaba da tafasa.

Mutumin da na fi riƙewa a duniya shi ne Malam Tanimu. Baƙo ne, ya zo Bomo daga arewa da mata da jaki ɗaya, tun ina goye. Babanmu ya sauke shi, ya nema masa filin ɗaki wajen mai unguwa, sannan ya yanka masa rabin gonarmu ta bakin hanyar Samaru ya ce ya noma ya ci. Aro ne, kuma a wajenmu aron gona yana da ƙa'ida biyu da kowane yaro ya sani. Mai aro ba ya dasa itace, don itace na mai ƙasa ne. Sannan kowace kaka, in an yanke dawa, zai ɗauko dami ɗaya a kansa da rana tsaka, ya ratsa gari ya sauke a ƙofar gidan mai gona. Na taɓa tambayar Baba me zai yi da dami ɗaya alhali rumbunmu a cike yake.

Ya ce, "Ba don ci ba ne, Asabe, don idon mutane ne. Duk wanda ya gan shi ɗauke da damin nan ya san gonan wa yake nomawa."

Ina 'yar budurwa-budurwa Baba ya rasu, da bazara, ana tsakiyar sharar gona. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Inna ta shiga takaba, aiki ya faɗo kaina da Yaya Isuhu, wanda ko gemu bai fara ba, ga ƙannenmu biyu ƙanana.

Ruwan fari ya zo da iska har ya kwashe jinkar ɗakin girki. Muka fita shuka, Yaya yana sara da sungumi, ina binsa ina jefa iri ina takewa da diddige. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas baƙi ƙirin, a ji ƙamshin ƙasa, mata su jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta kora shi ya wuce ta wajen Shika. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye, aka dawo rana tana nan yadda take. Shukar ta ƙone. Muka sake da irin da Inna ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka, shi ma rabi ya ƙone. Na uku sai da aka sayar da akuyar Inna aka sayo. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da tsakar rana. Rijiyar unguwa ta janye, sai ka zura guga ka zauna ka jira ya tara, ruwan ya fito ja kamar kunun kanwa.

Yunwar damina kowa ya san ta a ƙauye, takan zo in tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ta wannan shekarar da wuri ta zo, kuma ta ƙi tafiya. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga nan ya koma fate. Mu Zage-zagi ana mana tsiya da son fate, kuma ina son sa har gobe, amma ba irin wancan ba. Tsaki cikin tafin hannu, sauran duk rama da yakuwa da tafasa, ka sha ka cika ciki, kafin ka miƙe yunwa ta riga ka tashi. Muka ci dusar da a da akuya ake ba, Inna ta tankaɗe ta ta dama da garin ɗorawa. Autanmu ya daina kuka, sai dai ya zauna a bakin ƙofa yana bin kowa da ido. Har yau in na ga yaro ya yi irin wannan shirun sai in zuba masa abinci ban tambayi uwarsa ba.

Da yake Inna ba ta fita, ni nake bin matan unguwa zuwa Sabon Gari. Mu yi sammako da itace a ka, mu ratsa Samaru, mu bi gefen titi har Kwangila ba takalmi, kafin mu isa kasuwa rana ta take. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da garin kwaki, Mama Iyabo ake ce mata, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita take sayen itacena. In ta gama sai ta ce in karkaɗe mata buhuna in kwashe abin da ya zube, kuma na lura da gangan take barin gari a gindin buhun.

"Ke 'yar Bomo, ƙulle da kyau," take cewa. "Kar ki tsaya ci a hanya, ki kai ma uwanki. In na ji kin ci, zan zo har garinku in ja miki kunne."

Matar nan ta daɗe da rasuwa, amma har yau in jikokinta suka shigo Samaru ba sa sa hannu a aljihu a rumfata. Wannan ma ai riƙo ne.

Da ruwa ya dawo sosai lokaci ya riga ya ƙure, ciyawa kuma ta taso gaba ɗaya ta fi ƙarfin Yaya. Mutanen unguwa suka yi mana gayya. Gayya ba abinci abin kunya ce, amma suka aiko cewa kada Inna ta ɗora komai, kowa zai zo da abin da ya samu. Suka jeru da fartanyu, ba kiɗa ba waƙa, sai numfashi da ƙarar ƙarfe a ƙasa, gumi yana wanke musu baya. Zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyina: ranar nan babu wanda ya kai Malam Tanimu aiki. Shi ya fara shiga, shi ya fita ƙarshe, yana ta cewa marigayi shi ne ubansa a garin nan. Inna tana jin labari daga ɗaki tana sa masa albarka.

Kaka ta zo a rame. Dawa ta yi kai ƙanana, rabi ƙaiƙayi, abin da muka tara bai rufe gindin rumbu ba. Lokacin Inna ta fita takaba. Wata rana da hantsi sai ga Malam Tanimu da dami a ka kamar yadda ya saba, ya sauke a ƙofar gida ya yi sallama. Dattawa suna zaune a gindin durumi suna kallo. 'Ya'yansa biyu sun biyo shi, wuya siriri, ciki a gaba, idonsu a kan damin. Inna ta leƙa ta jikin darni ta gan su. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ni.

"Je ki ce mishi ya mai da. Bana ba shekaran dami ba ne. Ya ba yaran nan su ci, baɗi in Allah ya kai mu ya kawo."

Na je na durƙusa na faɗa masa yadda aka aike ni, ban rage ko kalma ba. Amma a hankali na faɗa, don Inna ta hore mu cewa ba a kunyata mutum da alheri a gaban jama'a. Babu wanda ya ji sai ni da shi. Ya yi hawaye, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya sake ɗora damin a ka, ya bi ta gaban dattawa ya koma gida. Mu kuwa ranar nan ma fate muka sha.

Shekarar da ta biyo ta zo da albarka, rumbuna suka cika. Dami bai zo ba. Yaya ya ce zai je ya tambaya, Inna ta hana, ta ce mutum yana farfaɗowa daga yunwa ba a tsaya masa a ka, kuma abokin ubanku ne. Wata kakar ma shiru. Bayan nan ne na bi ta gefen gonar zan kai talla Samaru, na ga 'yan mangwaro jere a kan iyaka, kowanne an kewaye shi da ƙaya. Na ajiye farantin tallan na hau tumɓukewa, sai da wani ya kama hannuna. Wannan ya kai maganar gaban mai unguwa.

Inna ta sa mayafinta ta zauna daga gefe ta faɗi yadda aka yi. Malam Tanimu ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce shi bai so a kai ga haka ba. Ya ce marigayi tun yana raye ya bar masa gonar, shi ne dai don kara ya ci gaba da kai dami.

"Da na kai bayan rasuwanshi," in ji shi, "ita da kanta ta aiko yarinya ta ce in ɗauke, gona nawa ne, haka marigayi ya bar wasiyya. Ga dattawa nan, a tambaye su ko ba su ga na koma da shi ba."

Aka tambaye su, suka ce sun gani. Ba su yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sun ga dami ya zo, sun ga ya koma, kuma tunda suke ba su taɓa ganin an mayar da damin aro ba sai in gona ta tashi daga aro. Na miƙe na ce ni aka aika, ga abin da na faɗa. Aka ce in zauna, yarinya ce ni, kuma 'yar mai ƙara. Wani daga baya ya ce, yadda kowa zai ji, "Mata ke nan. Jiya ta bayar, yau ta ga mangwaro ta dawo tana nema." Aka ɗan yi dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska muka taho.

Gonar ta yi mini ciwo, amma sunan da aka liƙa wa Inna ya fi. Matar da ta hana 'ya'yanta ta ba 'ya'yan wani, ita ce ta zama mai kwaɗayi mai ƙarya a bakin mutanen Bomo. Rabin da ya rage mana bai isa ya ci da mu ba. Inna ta koma bin hanyar Sabon Gari tana yi wa 'yan hatsi bakace a kasuwa, har ƙaiƙayi ya cinye mata ƙirji. Shi kuwa, da ɗalibai suka yi yawa suka rasa wurin kwana, ƙasar bakin hanya ta yi daraja. Ya yanka ya sayar da wani ɓangare, ya gina ɗakunan haya a sauran, ya je Makka, ya buɗe wa babban ɗansa Sabo shagon kayan gini, suka tattara suka koma Sabon Gari. Inda Baba ya shekara yana zuba taki yanzu bene ne, yara suna shanya wanduna a baranda.

Da na tashi kafa rumfa an nuna mini wuraren da suka fi ciniki, na ƙi. Na kafa ta daidai inda zan riƙa ganin benen nan kullum, don kada zuciyata ta yi sanyi. In ya zo duba gidan hayarsa ya yi mini sallama, in amsa don hakkin sallama ne, in juya masa baya. Da ya aiko mini da tsarabar Makka, na karɓi ruwan zamzam don ba nasa ba ne, na mayar masa da dabinonsa.

Inna ta rasu a hannuna, a ɗakina na Samaru. Ana saura 'yan kwanaki, tana tari, ta kama yatsuna ta ce, "Asabe, in kin ga Tanimu ki ce mishi na yafe. Ba na so in tsaya da kowa gobe kiyama. Na gaji."

Na ce to, kuma ban yi mata ƙarya ba, amana ce, zan isar. Sai dai ba ta ce mini yaushe ba. Na ƙudura a raina cewa saƙon farko a hankali na faɗe shi, ba shaida, ya cinye mu. Wannan ba zai fita bakina ba sai a gaban mutane, kuma sai ya fara wanke sunanta da bakin da ya ɓata shi. Yaya Isuhu kaɗai ya sani. Duk sallah in na je gaishe shi sai ya ce, "Ki ji tsoron Allah ki sauke nauyin nan. In ya mutu fa? Ko ke ki mutu?" In ce masa ni ina roƙon Allah ya ja kwanan Tanimu fiye da yadda 'ya'yansa suke roƙo. Kuma da gaske nake.

A cikin tsayuwar ruwan nan ta bana, wata rana da azahar, Alhaji Sabo ya tsaya da mota a gaban rumfata. Yana ɗaya daga cikin yaran nan masu siririn wuya, yanzu wuyan har ya ninke. Ya gaishe ni a ladabce, ya ce jikin babansu ya yi tsanani, an sallamo su daga asibiti an ce su koma gida. Ba ya ci, ba ya barci, maganar Inna kawai yake yi.

"Ya ce a roƙe ki ki zo, Yaya Asabe. Tambaya ɗaya zai miki."

Na ci gaba da kwasar tuwona na ce, "Na san tambayan, kuma ina da amsa. Amma ba ni kaɗai zan zo ba."

"Ki zo da duk wanda kike so."

Washegari na ɗauki Yaya, da liman, da mai unguwarmu na yanzu, da wani tsoho Baba Audi, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ba da shaida. Muka cika keke mai ƙafa uku har Sabon Gari. Muka tarar da shi a falo an jingine shi da filo, ya zama ƙashi da fata, 'ya'ya da jikoki sun kewaye shi. Sabo ya so a fitar da su, na ce su zauna, ai da gonar aka raine su. Na dubi tsohon na jira in ji tausayi, bai zo ba.

Da ƙyar muryarsa take fita. "Asabe, Innanku ta bar wata magana a kaina kafin ta cika?"

"Ta bari. Ta ba ni saƙo, yana wurina tun ranan."

Ya yunƙura kamar zai tashi. "Me ta ce?"

"Sai ka fara faɗa ma mutanen nan saƙon farko. Ranan da ka kawo dami na durƙusa a gabanka, me na ce maka? Da ƙarfi, Malam, kunnen Baba Audi ya yi nauyi."

Sabo ya ce, "Haba Yaya Asabe, dubi halin da yake ciki." Liman ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

Tsohon ya rufe ido. A nan tsoro ya kama ni. In ya ƙi, ko numfashinsa ya tsaya a haka, na rasa sunan Inna har abada, ga kuma amanarta a wuyana. Na danne yatsuna a cikin mayafi na ci gaba da kallonsa.

"Kin ce bana ba shekaran dami ba ne," ya ce. "In ba yara su ci. Baɗi in kawo."

"Gonan fa?"

"Aro ne. Marigayi bai ba ni ba. Ita ma ba ta ba ni ba. Ƙarya na mata."

Baba Audi ya fara salati yana kuka, yana cewa sun zalunci baiwar Allah ba su sani ba. Jikoki suka sunkuyar da kai. Sabo ya sulale ya zauna a ƙasa, ya fara maganar abin da za su mayar, na ce wannan tsakaninsa da Yaya da liman ne, ni ba bene na zo karɓa ba. Na dubi mai unguwa na tambaye shi ko ya ji. Ya ce ya ji, kuma ranar Juma'a in an idar da salla za a faɗa a Bomo. Na ce a faɗa da sunanta, Hajara matar Malam Iro, kada a ce wata mata.

Sannan na gyara zama na sauke abin da aka ɗora mini. "Inna ta ce in gaya maka ta yafe. Ta ce ba ta so ta tsaya da kowa gobe kiyama, ta gaji." Da ƙarfi na faɗa, har na tsakar gida suka ji.

Ya fashe da kuka kamar yaro, jikinsa ya saki a kan filon. Ni ma na ji wuyana ya yi sakayau, ban san nauyin ya kai haka ba sai da ya sauka. Na miƙe na gyara mayafi. Har na kai bakin ƙofa na ji ya kira ni.

"Ke fa, Asabe? Kin yafe?"

Liman ya dube ni, Yaya ya dube ni, falon gaba ɗaya yana jira, don a irin wannan wurin ne ake cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na sa takalmina tukuna.

Na ce, "Na Inna na kawo, Malam, shi aka aike ni da shi. Ita ce ta gaji. Ni ban gaji ba. Ka je, ina nan tafe, za mu tsaya."